Yadda Ake Gano Tushen Matsala Idan Ginin Kompaila Ya Tsaya

Kompaila ita ce manhajar da ke karɓar abin da aka rubuta da harsuna irin su C da C++ ta mayar da shi harshen da na'ura ke ganewa, kuma da yake ita kanta da irin waɗannan harsuna aka rubuta ta, duk wanda zai gina ta daga rubutunta na tushe sai ya tanadi wata kompailar da ta riga ta fara aiki. Wannan ne ya bambanta aikin da ginin sauran manhajoji, domin a nan akwai kompailar da ke gini, akwai wadda ake ginawa, sannan a tsakiyar aiki sabuwar takan karɓi ragama ta ci gaba da gina sauran sassanta da kanta. Saboda haka idan gini ya tsaya, tambayar da ta kamata ka fara yi wa kanka ita ce a wane mataki ya tsaya, kuma wace kompaila ce ke aiki a lokacin. Bayanin da ke tafe ya dogara ne da GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da kuma Clang ta aikin LLVM, wanda aka soma a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarar 2000, kuma an ɗauka a kan Linux kake aikin.

Nemo kuskuren farko, ba na ƙarshe ba

Abin da ya fi ɓata wa sabon hannu lokaci shi ne kwafe layin ƙarshe da ya bayyana a allo ya tafi neman ma'anarsa. Layi irin `make: *** [all] Error 2`, wanda `make`, manhajar da ke gudanar da ginin, ke rubutawa, ba ya ɗauke da wani bayani, domin abin da yake faɗa kawai shi ne wani aiki da ke ƙarƙashinsa ya gaza, shi ma wancan saboda wani da ke ƙasa da shi ya gaza, haka har a gangara zuwa ainihin umarnin da ya faɗi. Idan kuma ka yi gini da zaɓin `-j8`, wato ayyuka takwas a lokaci guda, sauran bakwai ɗin za su ci gaba da zubo rubutu bayan na takwas ya mutu, ta yadda saƙon gaskiya zai iya nutsewa ƙarƙashin ɗaruruwan layukan da ba ruwansu da matsalar.

Maganin wannan shi ne ka riƙa adana duk abin da ginin ya rubuta tun daga farko, da umarni kamar `make -j8 2>&1 | tee gini.log`, inda `2>&1` ke tabbatar da cewa saƙonnin kuskure ma sun shiga fayil ɗin. Idan ya tsaya, `grep -n "error:" gini.log` zai nuna maka layukan da lambobinsu, sai ka buɗe fayil ɗin a kan na farko ka karanta abin da ke sama da shi, musamman dogon umarnin da ya haifar da shi. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka sake kiran `make -j1` ba tare da ka goge komai ba, domin zai tsallake abin da aka riga aka gama, ya nufi wurin da ya lalace, ya tsaya a nan da saƙo ɗaya tilo. Ga mai amfani da Ninja, wata manhajar gudanar da gini irin `make`, `ninja -j1 -v` ne daidai da wannan. Ka kuma lura cewa layin da ya ƙare da kalmar `ignored` ba shi ya tsayar da ginin ba, an tsara a wuce shi ne.

Dogon umarnin nan da ke sama da kuskuren shi ne zai amsa tambayar da aka buɗe da ita. Idan ya fara da `gcc` ko `g++` ko `c++`, to kompailar da ke kan kwamfutarka ce ke aiki, kuma matsalar tsakaninta ne da rubutun da ka ba ta. Idan kuwa ka ga `xgcc` ko `xg++`, to sabuwar da aka gina ce ta karɓi aiki, kuma dalilan gazawarta daban ne gaba ɗaya.

Matakin shiri da fayil ɗin config.log

Kafin a fassara ko layi ɗaya, shirin `configure` yakan binciki kwamfutar ya ga abin da ke akwai. GCC tana buƙatar laburare uku na lissafi, GMP da MPFR da MPC, sannan da ISL idan ana son wasu dabarun inganta madaukai. Mutane da yawa sukan gina waɗannan da hannu, kowanne a foldarsa, su nuna wa `configure` inda suke, kuma daga nan ne rabin wahalar ke farawa. A ganina babu dalilin yin haka sai da larura. Ka shiga saman foldar rubutun tushe ka kira `./contrib/download_prerequisites`, zai sauko da sigogin da suka dace ya ajiye su a ciki, a gina su tare da kompailar a haɗe su cikinta, ta yadda ba za ta nemi su a waje ba daga baya. Idan daga Git ka ɗauko rubutun maimakon ƙunshin da aka fitar a hukumance, za ka ƙara buƙatar Flex, domin wasu fayilolin da ake samarwa da shi ba a ajiye su a ma'ajiyar ba.

Kada ka yi ginin a cikin foldar rubutun tushe. Ka buɗe wata folda dabam a gefenta, ka kira `configure` daga can. Masu GCC sun bayyana cewa wannan ce hanyar da suke gwadawa sosai, kuma tana da wata fa'ida babba ga mai neman matsala, wato duk lokacin da abubuwa suka rikice za ka iya goge foldar ginin baki ɗaya ka fara da tsafta. Wannan gogewar wajibi ce duk lokacin da ka sauya kompailar gini ko wani muhimmin zaɓi, domin `configure` yana ajiye amsoshin da ya samu a `config.cache` na ƙananan foldodi, CMake kuma, wanda LLVM ke amfani da shi a madadin `configure`, yana ajiye nasa a `CMakeCache.txt`, kuma dukkansu za su ci gaba da aiki da tsohuwar amsa alhali kai kana zaton ka gyara.

Idan `configure` ya gaza yakan ce a duba `config.log`, kuma a nan akwai tarko biyu. Na farko, fayil ɗin cike yake da kurakuran da ba matsala ba ne, saboda aikin shirin shi ne gwada abubuwa ya ga wanda zai yi da wanda ba zai yi ba. Za ka ga ya kira kompaila da `-V` ko `-qversion` ta ƙi, wannan ba komai ba ne, yana neman sanin irinta ne kawai. Ƙarshen fayil ɗin kuma jerin saituna ne marasa amfani a gare ka, don haka ka nemi ainihin jimlar da ta bayyana a allo, ka karanta daga nan zuwa sama. Tarko na biyu shi ne ba `config.log` ɗaya ne a ginin GCC ba, kusan kowace ƙaramar folda tana da nata, kuma wanda ke saman foldar gini sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Misali mafi shahara shi ne saƙon `cannot compute suffix of object files: cannot compile`, wanda ke fitowa bayan an daɗe ana gini, lokacin da aka zo shirya `libgcc`, ƙaramin laburaren da GCC ke haɗawa da shirye-shiryen da ta fassara. Saƙon ba shi da alaƙa da sunayen fayiloli kamar yadda lafazinsa ke nunawa. Abin da yake nufi shi ne an ba sabuwar `xgcc` ɗan ƙaramin shiri na gwaji ta kasa fassara shi. Dalilin yana cikin `config.log` na foldar `libgcc` da ke ƙarƙashin foldar mai sunan na'urar da ake yi wa ginin, misali `x86_64-pc-linux-gnu/libgcc`. A mafi yawan lokuta za ka tarar `cc1`, wato sashen GCC da ke fassara C, ce ta kasa tashi saboda ba ta ga `libmpc.so` ko `libisl.so` ba, wato an nuna mata inda laburaren suke lokacin haɗawa amma tsarin bai san wurin ba lokacin gudu. Idan kuwa kompaila kake ginawa don wata na'ura dabam, misali ta ARM a kan kwamfutar x86, to mai yiwuwa asemblar waccan na'urar ce babu, domin Binutils ɗinta, wato ƙunshin da asemblar ke ciki, ake fara ginawa a girka kafin GCC, da `--target` da `--prefix` iri ɗaya.

Akwai ƙananan matsaloli biyu da ake wucewa da sauri. Saƙon `gnu/stubs-32.h: No such file or directory` yana nufin GCC na ƙoƙarin gina laburarenta na bit 32 a kan kwamfutar bit 64 da ba ta da fayilolin glibc, wato laburaren C na tsarin, na bit 32, sai ko dai ka girka su ko ka ƙara `--disable-multilib` idan ba ka buƙatar su. Ƙorafin cewa `LIBRARY_PATH` na ɗauke da foldar da ake ciki kuwa yawanci ɗigo biyu ne da suka rage a farko ko ƙarshen saitin, kuma `unset LIBRARY_PATH` ya wadatar. Yana da kyau ka duba `CPATH` da `CFLAGS` da `CXXFLAGS` da `LDFLAGS` a lokaci guda, domin saitin da ka manta da shi a fayil ɗin buɗe tamina yana iya shiga ginin ba da saninka ba.

Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ƙare

Saƙon `Killed signal terminated program cc1plus`, ko `ld terminated with signal 9`, ba aibin rubutu ba ne. Zuciyar tsarin Linux ce ta ga RAM ta ƙare ta kashe shirin da ya fi cin ta, kuma `dmesg` zai nuna maka layin da ke cewa `Out of memory`. Rage adadin da ke bayan `-j` shi ne matakin farko, ƙara filin musanya a kan faifai kuma shi ne na biyu.

A LLVM wannan matsalar ta fi tsanani a lokacin haɗa manyan shirye-shirye kamar `clang`, musamman a ginin `Debug`, wanda ke cin gigabait masu yawa na faifai kuma kowane aikin haɗawa ke jan RAM mai yawa. Idan ba gyaran kompailar kanta za ka yi ba, ka sa `-DCMAKE_BUILD_TYPE=Release`. Ka ƙara `-DLLVM_TARGETS_TO_BUILD=X86` ko sunan na'urar da kake so kaɗai, don kada a gina dukkan na'urorin da LLVM ta sani. Zaɓin `-DLLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1` yana barin fassara ta gudana da yawa a lokaci guda amma haɗawa ɗaya bayan ɗaya, sai dai da Ninja kaɗai yake aiki, kuma wanda ya sa shi yana gini da Make zai yi ta mamakin dalilin da ya sa babu abin da ya sauya. Amfani da LLD, manhajar haɗawa ta LLVM, ta hanyar `-DLLVM_USE_LINKER=lld` shi ma yana rage lokacin haɗawa ƙwarai. Cikar faifai tana zuwa da saƙo bayyananne, `No space left on device`, amma ka tuna cewa foldar `/tmp` ce ke iya cika ko da foldar gininka na da fili, kuma saitin `TMPDIR` zai karkatar da fayilolin wucin gadi zuwa wani wuri.

Tazarar shekaru tsakanin mai gini da abin ginawa

Nan ne matsalolin da suka fi ɗaure kai suke, domin babu abin da ya ɓace, babu abin da ya ƙare, rubutun ne kawai da kompailar ba su zo a zamani ɗaya ba. Ɓangare mai sauƙi shi ne idan kompailar ginin ta tsufa. Tun daga siga ta 4.8 a 2013 da C++ ake gina GCC, siga ta 11 tana buƙatar mai gini da ta san C++11, LLVM kuma tun daga siga ta 16 a 2023 tana buƙatar C++17, daga siga ta 17 kuma CMake 3.20 ko sama. Irin wannan yawanci `configure` ko CMake ke kama shi tun da wuri su faɗa maka ƙarara, kuma mafita ita ce ka hau mataki-mataki, ka gina wata siga ta tsakiya, ka yi amfani da ita wajen gina wadda kake so ta hanyar saitin `CC` da `CXX`.

Akasin haka ya fi wuya, wato gina tsohuwar kompaila a kan sabon tsari, abin da ake yi idan wata tsohuwar manhaja ba ta yarda da komai sai sigar da aka rubuta ta da ita. Sabuwar kompaila ta fi tsohuwa tsauri. GCC 11 ta mayar da C++17 matsayin da take ɗauka idan ba a faɗa mata komai ba, kuma C++17 ya haramta ƙara ɗaya a kan `bool` da alamar `++`, abin da tsohon fayil ɗin `reload1.c` na GCC ke yi, don haka ginin yakan tsaya a nan sai an sa `CXX="g++ -std=gnu++14"` ko matsayin da ya girme shi. GCC 13 ta rage fayilolin da laburarenta na C++ ke jawowa a ɓoye, sai tsofaffin sigogin LLVM suka fara ƙorafin ba su san `uint64_t` ko `uintptr_t` ba, alhali gyaran layi ɗaya ne, `#include <cstdint>` a saman fayil ɗin da ya yi ƙorafin. GCC 14 ta 2024 ta mayar da wasu gargaɗin C kurakurai, irin su kiran aikin da ba a gabatar da shi ba. Wannan na ƙarshe yana da haɗari na musamman, domin yana iya sa gwajin tsohon `configure` ya gaza a shiru, shirin ya rubuta cewa tsarin ba shi da wani abu da yake da shi, sannan matsalar ta ɓullo can gaba a wurin da ba za ka taɓa danganta shi da ita ba.

Ba kompaila kaɗai ke sauyawa ba, laburaren C na tsarin ma yana sauyawa. A glibc 2.26 ta 2017 aka daina amfani da sunan `struct ucontext`, sai fayilolin `linux-unwind.h` na tsofaffin sigogin GCC suka daina ginuwa har sai an mayar da shi `ucontext_t`. A glibc 2.28 ta 2018 aka cire `sys/ustat.h`, wanda `libsanitizer` ke nema. Wannan laburaren na `libsanitizer` shi ne ya fi kowane sashe karyewa idan tsari ya sabunta, saboda yana leƙa cikin tsarin sosai, kuma idan ba ka buƙatar kayan binciken kurakuran ƙwaƙwalwa da yake bayarwa, `--disable-libsanitizer` zai raba ka da shi. Kafin ka fara yi wa rubutu faci da hannu, ka duba ko akwai siga ta baya-bayan nan a jerin da kake so, domin irin waɗannan gyare-gyare sukan shiga ƙananan sigogin ƙarshe, kuma wanda ya ɗauki 7.5 zai tsallake abubuwan da mai 7.1 zai yi ta fama da su. Idan tazarar ta yi yawa, gina tsohuwar kompailar a cikin kwantenar Docker ko kwamfutar kwaikwayo mai ɗauke da Linux na zamaninta ya fi bin faci goma ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma gargaɗi ne kawai aka mayar kuskure, wanda za ka gane da ganin `-Werror` a ƙarshen saƙon, `--disable-werror` ya isa.

Gwajin matakai uku

GCC takan gina kanta sau uku. Kompailar kwamfutarka ce ke gina mataki na farko, na farko ya gina na biyu, na biyu ya gina na uku, sannan a kwatanta fayilolin na biyu da na uku. Tun da rubutu ɗaya ne ya samar da kompailolin da suka gina su, ya kamata su fito daidai, kuma idan suka saɓa sai ka ga `Bootstrap comparison failure!` tare da sunayen fayilolin da suka bambanta. Dalilin yakan kasance an taɓa rubutun ko saituna ana tsakiyar gini, ko an ci gaba a kan tsohuwar foldar gini, ko kuma kompailar farko ta fassara wani abu ba daidai ba. Zaɓin `--disable-bootstrap` zai kawar da saƙon ya kuma rage lokacin gini sosai, kuma ya dace ga mai gwaje-gwaje, amma ga kompailar da za a dogara da ita kashe gwajin bayan ya nuna matsala rufe ido ne kawai. Ka goge foldar, ka tsaftace saituna, ka sake.

Akwai alama ɗaya da ba a gyara ta da wani zaɓi. Idan gini ya faɗi da `Segmentation fault` ko `internal compiler error`, ka sake kiran `make` ya wuce wurin lafiya, sannan ya faɗi a wani fayil dabam, to ka zargi na'urar kanta. Kompaila idan aka ba ta abu ɗaya sau biyu sakamako ɗaya take bayarwa, don haka kuskuren da ke yawo yana nuni ga RAM mai aibi, ko zafi, ko na'urar da aka tilasta wa gudun da ya wuce ƙa'idarta. Ginin kompaila yana matsa wa kwamfuta fiye da yawancin ayyuka, shi ya sa yake tona abin da ya daɗe a ɓoye, kuma Memtest86+, manhajar gwajin RAM, ne abin da za ka gudanar kafin ka sake taɓa rubutun.

Bayan girkawa

Gini yana iya kammaluwa amma tsugune ba ta ƙare ba. Ka girka sabuwar kompailar a wurinta na daban da `--prefix`, misali a ƙarƙashin `/opt` ko cikin foldarka, kada ka ɗora ta a kan ta tsarin da ke `/usr`, sannan ka tabbatar da `which gcc` da `gcc -v` cewa ita ce ke amsawa. Shirin C++ da ka fassara da ita yana iya ƙin tashi da saƙon cewa ba a sami wata sigar `GLIBCXX_3.4` ba, saboda an haɗa shi da sabon `libstdc++` amma lokacin gudu tsarin ya miƙa masa tsohon. Umarnin `ldd` zai nuna maka wanda aka ɗauko, kuma gyaran shi ne ka sa hanyar foldar `lib64` ta sabuwar kompailar cikin shirin da `-Wl,-rpath`, ko ka sa ta a `LD_LIBRARY_PATH`, ko ka haɗa laburaren cikin shirin da `-static-libstdc++`. Gwajin `make check` na GCC yana buƙatar DejaGnu, kuma ganin gazawa kaɗan a cikin dubban gwaje-gwaje abu ne da aka saba, abin dubawa shi ne ko naka sun yi daidai da na wasu masu irin na'urarka da sigarka.

Idan ka bi duk wannan kuma `internal compiler error` ɗin yana dawowa a fayil ɗaya, a layi ɗaya, a folda mai tsafta, to ka sami aibi na gaske a kompaila, kuma ya cancanci a kai rahotonsa ga Bugzilla ta GCC ko shafin LLVM a GitHub. Ka kwafi umarnin da ya faɗi daga `gini.log`, ka shiga foldar da aka kira shi, ka sake gudanar da shi da ƙarin `-save-temps`, wanda zai bar maka fayil mai ƙarewa da `.i` ko `.ii` ɗauke da duk abin da kompailar ta gani. Wannan fayil, da cikakken umarnin, da abin da `gcc -v` ya rubuta, da layin `configure` ɗinka, su ne abin da masu gyara ke buƙata domin su maimaita kuskuren a nasu kwamfutocin. Idan kuma daga Git kake gini kuma ka san wata rana da rubutun ke ginuwa lafiya, `git bisect` zai riƙa raba tazarar biyu har ya tsaya a kan sauyin da ya kawo matsalar, sai ka haɗa lambar wannan sauyin a cikin rahoton.